Tiyon Da Ya Ragu Da Yatsu Huɗu

An saki Bakanike ranar Alhamis da la'asar, bayan ya kwana goma sha ɗaya a hannun 'yan sanda bisa zargin cewa aikinsa ne ya kashe mutum. Beli aka ba shi, ba wanke shi aka yi ba. Wanda ya maye gurbinsa a ɗakin tambayoyi kuwa mutum ne da babu wanda ya taɓa nuna shi da yatsa a unguwar.

Mamacin shi ne Auta, malamin lissafi a makarantar sakandare, mai shekara ashirin da takwas. Ya rasu ranar Asabar da misalin ƙarfe goma na safe, a kan babban titin da ya fita gari, daf da gadar jirgin ƙasa. Motar ta yayansa ce, wani jami'in jinya mai ƙaramin asibiti a bakin kasuwa, wanda kowa ke kira Likita. Auta ya are ta ne don ya karɓo sakamakon gwajin jinin mahaifiyarsu a babban asibitin da ke garin gaba. Waɗanda abin ya faru a gabansu sun ce motar tana cikin wuce wata tirela sai aka ji ƙara kamar ta bindiga, hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malale a ƙarƙashin tayoyi, ta juya sau biyu ta daki ginshiƙin gadar.

Mako uku kafin nan, Bakanike ya saka wa motar wani ƙaramin akwatin lantarki da ke ƙara wa turbo ƙarfi, wanda masu sana'ar ke kira kwantirola. Makanikin 'yan sanda ya leƙa injin ya tarar wani siririn tiyo na wannan aikin ya rabu gida biyu. Layi ɗaya ya rubuta a rahotonsa: aikin ganganci. Ranar Lahadi aka kama Bakanike. Kafin azahar ɗin Litinin an kwashe motoci bakwai daga garejinsa, wasu ma da igiya aka ja su, kuma wani ya rubuta kalma ɗaya da jan fenti a jikin ƙofar: makashi.

*

Yayar Bakanike, wadda tela ce, ita ta je ta sami Mai Sawu a kwana na uku.

Mai Sawu tsohon mai wayarin mota ne, shekararsa sittin da bakwai, ya ajiye aiki tun da yana ta rufe masa ido ɗaya. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki: yakan kama waya daga bakin fiyus ya bi ta da yatsa, taku bayan taku, har inda ta mutu, kamar mai bin dabbar da ta ɓace. Sau biyu kotu ta taɓa kiransa shaida a kan motocin da suka ƙone. Bakanike ya yi shekara shida a ƙarƙashinsa kafin ya buɗe nasa wurin.

Ta same shi a ƙofar gida yana gyara rediyon maƙwabci.

"Baba, ɗanka ne fa," in ji ta. "Kai ka koya masa riƙon filaya."

"Shi ya sa ba ni ya kamata ki nema ba."

"To wa zan nema? Duk makanikin da na je wurinsa sai ya ce min matarsa ba ta da lafiya. Matan makanikan garin nan kaf rana ɗaya suka kwanta."

Mai Sawu ya rufe bayan rediyon ya ɗaure kusoshinsa huɗu kafin ya amsa.

"Zan bi. Amma ki ji tun yanzu. Inda sawun ya tsaya, nan zan tsaya, ko da a ƙofar ƙaninki ne."

"Na ji, Baba."

"Ba ki ji ba. Amma je ki. Ki aiko min da tef ɗinki na awo."

*

Sufeton da ke riƙe da binciken ya san Mai Sawu tun zaman kotu, sai ya ba shi minti goma sha biyar. Aka fito da Bakanike yana riƙe da ƙugun wandonsa, don an karɓe masa bel.

"Faɗa min aikin kamar ban taɓa ganin mota ba," in ji Mai Sawu.

"Haba, Baba."

"Sufeto bai sani ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya tambaya ba. Faɗi."

Bakanike ya ce, "Turbo iska take cusawa cikin inji. In iskar ta yi yawa, inji ya fashe. Don haka akwai wata 'yar ƙofa a jikinta, in matsi ya kai iyaka sai ta buɗe ya ragu. Abin da ke tura ƙofar ta buɗe shi ne iskar da ke bi ta wannan siririn tiyon. Kwantirola tana da bawul a tsakiyar hanya, tana ɗan jinkirta iskar don mota ta ƙara ja. Shi ke nan aikinta."

"In akwatin ya mutu fa?" in ji Mai Sawu.

"Sai mota ta yi sanyi. Fiyus ya ƙone, waya ta tsinke, bawul ya tsaya, duk ƙarfi raguwa yake yi. Haka aka ƙera ta. Hanya ɗaya ce matsi zai wuce iyaka: iskar ta kasa isa ƙofar. Ko tiyon ya rabu, ko ya toshe."

"To ai ya rabu," in ji Sufeto.

"Yallaɓai, sabon tiyo? A mako uku? Ko ɓera sai ya yi wata yana ci."

Mai Sawu ya ce, "Nawa ka sa iyaka?"

"Ɗaya da ɗigo biyu. Na kulle da lambar sirri. Likita ya dawo sau biyu wai in ƙara masa, don wani maƙwabcinsa mai jar mota ya bar shi tsaye a danja. Na ce injin ba zai ɗauka ba, tunda wanda ya sayar masa da motar ya riga ya cire iyakar da ke cikin ƙwaƙwalwarta. Ya ce motar tasa ce. Na ce lambar tawa ce."

"Ragowar tiyon tana ina?"

"Kan ƙusa. Yadda ka koya min."

Wannan al'adar Mai Sawu ce, kuma duk wanda ya fita daga hannunsa ya tafi da ita. Kowace mota ana yanko mata tiyo mita ɗaya cif. Abin da ya rage bayan aiki ba a zubarwa, ba a sa wa wata motar. Ana rataye shi a ƙusa da lambar motar a jiki, saboda ranar gyara.

Da lokaci ya cika, Bakanike ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, duk Asabar a garejina Auta yake wuni. Shi yake riƙe min fitila. Na je jana'izarsa, Likita ya sa aka fitar da ni daga sahu."

Wani ɗan sanda ya ja shi suka shige.

*

Motar tana bayan ofishin 'yan sanda, tsakanin wata bas da ta ƙone da babura marasa tayoyi. Gabanta na dama ya shige ciki har kujera. Ɓangaren turbo bai taɓu sosai ba.

Mai Sawu ya zo da batir, da famfon keke, da tef ɗin awo na tela, da guntun tiyon da ya ciro daga ƙusar garejin. Ya jona akwatin da batir, fuskar akwatin ta kawo haske. Iyakar tana nan a ɗaya da ɗigo biyu, a kulle, babu wanda ya taɓa ta. Ya danna wani maɓalli, akwatin ya nuna matsi mafi girma da ya taɓa gani: biyu da ɗigo uku. Ya taɓa wayoyin bawul ɗin a kan batir, ya yi ƙas, ƙas, ƙas, kamar yadda ya kamata. Ya sa bakin famfon keken a hancin 'yar ƙofar ya buga sau uku, sandarta ta motsa ta buɗe, ya saki ta koma.

"Akwati lafiya, bawul lafiya, ƙofa lafiya," in ji shi.

"Komai lafiya, sai mutum da ya mutu," in ji Sufeto.

Mai Sawu ya zare duk tiyon aikin daga motar ya jera su baki da baki a kan benci: wanda ya taso daga turbo zuwa bawul, da guda biyun da suka rabu, da ragowar kan ƙusa. Ya shimfiɗa tef. Santimita casa'in da uku. Ya sake jerawa ya sake aunawa. Casa'in da uku. Ya ɗora yatsunsa huɗu a gurbin, suka cike shi daidai.

"Wataƙila ya faɗi a wurin haɗarin," in ji Sufeto.

"Duba bakinsu, yallaɓai. Tiyon da ya tsinke bakinsa yakan yi gashi-gashi. Waɗannan yanka aka yi musu, sara ɗaya-ɗaya, da abu mai kaifin gaske. An cire yatsu huɗu a tsakiya, an sa wani abu a gurbin. Bayan haɗarin kuma an ɗauke abin."

Ya murza bakin tiyon tsakanin yatsunsa. Akwai wani farin danƙo a kewaye, mai kama yatsa. Ba irin na baƙin salatif ɗin wayarin ba ne. Ya sunkuya da idonsa mai gani har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen da ke kare zafin turbo, ya bi shi da fitilar hannu a hankali. A can ƙasa, daidai inda tiyon ke wucewa, akwai ɗigon shuɗiyar roba da ta narke ta daskare, ba ta kai ƙwayar wake ba. A gefenta ɗaya akwai ƙananan haƙora guda biyar. Ya kankaro ta da wuƙa ya sa a kwalin ashana.

Kafin ya cire batir ya danna maɓallin gwajin ƙararrawa, wadda ya kamata ta yi kuka in matsi ya wuce iyaka. Jar fitila ta kama. Ƙara ba ta fito ba. Ya durƙusa ya cusa kansa ƙarƙashin sitiyari, ya daɗe a can. Da ya fito gwiwoyinsa sun yi fari da ƙura.

"Me ka gani?" in ji Sufeto.

"Wata waya ce. Zan dawo kanta. Bari mu gama da tiyon tukuna."

*

A unguwar kuwa magana ta fara rabuwa. Da aka ji an ce yanka ne, sai wasu suka tuna Mai Wanki ya wanke motar ranar Juma'a, kuma kullum da reza a bayan kunnensa.

Mai Sawu ya same shi yana wanke wata tasi, wandonsa a naɗe har gwiwa.

"Baba, ni ruwa da sabulu na sani," in ji shi tun kafin a tambaye shi. "Rezar nan ta kankare sitika ce. Ko farcena ba ta yankewa."

"Kawo ta."

Mai Sawu ya gwada ta a kan wani tsohon tiyo. Sai da ya ja sau huɗu kafin ta raba shi, bakin ya fito a karkace. Ya mayar masa.

"Ka sayi sabuwa. Ranar Juma'ar ka wanke injin?"

"Ai abin da nake ta faɗa ke nan, ba mai saurare. Shekara biyu ina wanke motar nan, duk Juma'a har inji. Likita mutum ne mai tsabta, injinsa ya fi kwanon gidana haske. Amma ran nan na kai hannu zan ɗaga bonet, ya ce kar in taɓa. Ya tsaya a kaina kamar mai gadin jarrabawa har na gama."

"Ya faɗi dalili?"

"Ya ce sabon aiki ne, ba ya son ruwa. Na ce makon jiya ma ai sabon aikin ne, na kuma wanke. Ya ce in rage surutu. Na rage."

*

Mai Janwe, wanda ya jawo motar daga gadar, shi ne na biyu. An san shi da hali: motar da ta kwana a hannunsa ba ta isa inda za ta da nauyin da ta taso da shi. Sufeto ya aika aka bincika rumfarsa, aka sami jak ɗin motar da hon ɗinta a ƙarƙashin tabarma. Sufeto ya ɗauka an gama.

"Yallaɓai, jak da hon na ɗauka, ban musa ba," in ji Mai Janwe. "Ajiye su na yi kar ɓarayi su sace."

"Allah ya saka maka," in ji Sufeto. "Tiyon fa?"

"Wane tiyo? Don girman Allah, wa zai sayi tiyo yatsu huɗu? Ko mai tsiren gawayi ba zai hura wuta da shi ba."

Mai Sawu ya ce, "Ƙarfe nawa ka isa gadar?"

"Sha ɗaya saura. An riga an tafi da yaron, wasu masu akori-kura suka ɗauke shi tun da farko. Mutane sun watse, sai masu kallo daga nesa."

"Wa ka tarar a jikin motar?"

"Yayansa. Shi kaɗai. Bonet ɗin ya ɓalle ta gefe, shi kuma ya cusa kansa ciki har kafaɗa. Na ɗauka kuka yake yi ba ya son a gani, sai na juya baya na ba shi wuri. Ai ni ma ina da ƙani. Da ya fito hannunsa naɗe da hankici. Na ce sannu, Likita, bai ko dube ni ba."

Sufeto ya dubi Mai Sawu. Mai Sawu yana kallon ƙasa.

"Mutum yana iya kuka a duk inda ya ga dama," in ji tsohon. "Wannan ba shaida ba ce."

*

A kwana na tara ya je ta'aziyya. Gidan bene ne mai hawa ɗaya, an kwashe tabarmin zaman makoki an jingine su a bango. Mahaifiyar mamacin ba ta tashi ba tun ranar Asabar ɗin. Da aka gaya mata wanda ya zo, ta ce a shigo da shi.

Tana kwance a kan gado, ledar ƙarin ruwa tana rataye a ƙusar da kalanda take a da. Likita yana zaune a gefenta. Shekararsa talatin da tara, ya rame, gemunsa ya fito ba gyara. Yatsunsa biyu na dama suna cikin bandeji.

Mai Sawu ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, suka amsa.

"Malam, an ce kai ne kake neman fitar da wanda ya kashe min ɗa," in ji tsohuwar.

"Wanda ya yi nake nema, Hajiya."

"Ai yana hannu."

Ya juya ga Likita. "Hannun fa?"

"Ƙuna ce. Wajen ciro shi."

Mai Sawu ya gyaɗa kai. Ruwan ledar yana ɗiga da sauri. Likita ya miƙa hannun hagu, ba tare da ya duba ba, ya ɗora babban yatsa a kan wata 'yar shuɗiyar taya da ke jikin siririn tiyon ledar, ya murza ta ƙasa kaɗan. Ɗigon ya rage gudu. Tayar tana da ƙananan haƙora a kewaye, don kar yatsa ya zame.

"Wannan 'yar tayar mene ne aikinta?" in ji Mai Sawu.

"Matse tiyon take yi. In kana son ruwa ya tafi a hankali ka matse, in kana son sauri ka sassauta."

"Ba ta toshewa?"

"In ka san hannunka, ba ta toshewa."

Inda allurar ta shiga bayan hannun tsohuwar an manne da farar filasta. Gefenta ɗaya ya ɗago, ya bar farin danƙo a fata.

Tsohuwar ta kama rigar Likita. "Su biyu Allah ya ba ni, Malam. Yanzu wannan kaɗai ya rage min. Shi ke ba ni ruwa, shi ke juya ni."

Mai Sawu ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya sa takalmansa ya fita. A kan hanya ya tsaya a kemis ya sayi tiyon ƙarin ruwa guda ɗaya da filasta. Ya kwana biyu da su a aljihu kafin ya koma wurin Sufeto.

*

Ranar Alhamis da hantsi Sufeto ya tara su a bayan ofis, a gaban motar: Bakanike da yayarsa, Mai Wanki, Mai Janwe, da Likita, wanda aka gaya wa ana son ya sa hannu a takardar karɓar motarsa.

Mai Sawu bai yi dogon bayani ba. Ya jera tiyon a kan benci, ya nuna gurbin yatsu huɗu. Ya ciro tiyon ƙarin ruwa, ya yanko daidai inda 'yar tayar take, ya cusa bakinsa ɗaya a guntun hagu, ɗaya a na dama. Suka shige cif kamar don juna aka yi su. Ya naɗe mahaɗar biyu da filasta. Gidan tayar ya cike gurbin, babu ragi.

Ya jona a hancin 'yar ƙofar turbo, ya miƙa wa Mai Wanki famfon keken. "Buga."

Sandar ta motsa a bugu na uku. Mai Sawu ya murza tayar rabi. "Sake." Wannan karon sai a bugu na bakwai.

"Kun gani. Ƙofar tana makara, mota tana ƙara ja, akwatin kuma yana nan a kulle bai san abin da ake ciki ba. Wanda ya yi wannan ba jahili ba ne. Ya fahimci aikin sarai. Abu ɗaya ne bai sani ba, don a wurin aikinsa babu abin da ke wuce zafin jikin mutum."

Ya sa Mai Janwe ya tayar da motarsa. Bayan minti goma ya kwantar da tiyon a kan ƙarfen salansa, kusa da inji. Ba a yi minti biyu ba robar ta yi laushi, ta lanƙwashe, ta manne da kanta. Gefen tayar ya narke ya ɗiga a kan wani faranti da ya tara. Ya mayar da tiyon a hancin ƙofar. Mai Wanki ya buga sau ashirin, har gumi ya keto masa. Sandar ba ta motsa ba.

Mai Sawu ya buɗe kwalin ashana ya ajiye shi kusa da farantin. Shuɗi iri ɗaya, haƙora iri ɗaya.

Sufeto ya ce, "Likita, waɗanda suka ciro ƙaninka sun ce kai ba ka wurin. A ina ka ƙona hannu?"

Likita ya dubi kwalin.

"Kwana biyu na yi ina hawanta," in ji shi. "Lafiya lau."

"Daga gida zuwa asibitinka," in ji Mai Sawu. "Minti shida. Injin bai taɓa yin zafi ba."

"Na yi niyyar cirewa ranar Lahadi. So nake in gwada ta sau ɗaya kawai a danja." Ya zauna a kan tayar bas ɗin da ta ƙone. "Ni na ba shi makulli. Ina duba wani mara lafiya, ya leƙo ya ce Yaya kawo, na jefa masa. Sai da ya yi rabin awa da tafiya na tuna. Na kira shi sau huɗu. Shi ba ya ɗaukar waya in yana tuƙi. Ni na hana shi."

"Abin da ka cire yana ina?"

"Na jefa a kwandon allurai na asibiti. An ƙone shi tun makon jiya."

Bakanike ya matso taku ɗaya, hannunsa har yanzu a ƙugun wando.

"Ka fitar da ni daga sahu," in ji shi.

Likita bai ɗago ba. Abin da ya ce da Sufeto kawai shi ne ledar ruwan mahaifiyarsa za ta ƙare ƙarfe ɗaya, a sami wanda zai canja ta, kuma kar a gaya mata inda yake.

Yayar Bakanike ta durƙusa ta fara godiya. Mai Sawu ya ɗaga mata hannu.

"Tashi, 'yar nan. Ban gama ba."

Ya ciro wata ambulan daga aljihu ya zazzage ta a kan benci. Guntuwar waya ce siririya, an naɗe bakinta da baƙin salatif.

"Wayar ƙararrawa ce. Na same ta a yanke a ƙarƙashin sitiyari. Da tana nan, da tun matsi ya wuce ɗaya da ɗigo uku ta cika masa kunne, kuma da ya ɗaga ƙafa daga totur injin ba zai fashe ba. Jar fitilar kaɗai ta kama, shi kuwa idonsa na kan tirela."

Sufeto ya juya ga Likita.

"Ban san ma akwai ta ba," in ji Likita. "Da ni ne, da filasta zan sa."

Mai Sawu ya ɗaga wayar yadda kowa zai gani. An zagaya salatif ɗin sau uku, an ninke wutsiyarsa ciki don a ji daɗin warwarewa wata rana.

"Wannan naɗin nawa ne," in ji shi. "Ni nake koyar da shi."

Bakanike ya matso kusa da bencin. "Baba, wallahi ban yanke ta ba. Na gwada ta a gaban Likita ranar da na gama aikin. Ta yi kuka."

"Ta yi," in ji Likita, ba tare da ya dube shi ba. "Na ɗauka akwatin ne da kansa."

"Auta ma ya iya naɗin nan," in ji Bakanike. "Shekara nawa yana kallona. Kuma ya taɓa cewa ƙarar tana damunsa in ya ari motar."

"Wa ya ji ya faɗa?" in ji Sufeto.



*

Da la'asar yayar Bakanike ta sa hannu aka ba da belinsa. Ba ta yi wa Mai Sawu sallama ba, sai dai ta aika a karɓo mata tef ɗinta. Jan fentin yana nan a ƙofar garejin, kuma zuwa ranar Asabar mota ɗaya ce ta dawo daga cikin bakwai. Wata ma'aikaciyar asibitin Likita ce ke canja wa tsohuwar ruwa. An gaya mata ɗanta ya yi tafiya.

Za a gurfanar da Likita a makon gobe bisa tuhumar ganganci da ɓoye shaida. Sufeto ya ce ba zai rufe fayil ɗin Bakanike ba sai an san wanda ya yanke wayar ƙararrawa. Ya nemi Mai Sawu ya rubuta masa sunayen duk waɗanda ya koya wa wannan naɗin. Tsohon ya rubuta goma sha ɗaya. Uku sun rasu, biyar sun bar garin, biyu sun ce ba su taɓa ganin motar ba. Na sha ɗayan shi ne Bakanike. Sunan Auta ba ya cikin jerin, kuma babu mai iya tambayarsa.

Wayar tana cikin ambulan a aljihun teburin Sufeto. Har yanzu ba a warware salatif ɗin ba.